Shekarar da Ɗan Inna Ya Rataye Kekensa

Magana biyu ake yawo da su a zuri'ar nan game da ni da keken Ɗan Inna, kuma dukkansu ba haka suke ba. Ta farko, wai ni na hana shi hawa har ya rataye keken a soro. Ta biyu, wai ranar da aka yi wasa a duwatsun Doguwa na rangaɗa guɗa a gaban maza har ɗankwalina ya faɗi. Wannan ta biyun na san bakin da ta fito. Ƙanwarsa Binta ce, domin tun tana ƙarama ba ta iya ba da labari sai ta zuba masa gishiri. Tunda har yanzu idona yana gani, hannuna kuma bai fara rawa ba, gara in rubuta muku yadda aka yi, kada in na kau jikokina su gaji labarin da aka karkace.

Kun san Ɗan Inna ba sunansa ba ne. Sunansa na yanka yana nan, kun san shi, ni kuwa ban taɓa faɗarsa ba, kuma ba a wannan takarda zan fara ba. Shi ne ɗana na fari. A gidanmu, tun can tsohon garinmu da ruwan Tiga ya cinye ina 'yar ƙanƙanuwa, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya wuce ta gabanta sai ta kau da kai. Ku 'yan yanzu kuna ganin rashin so ne. Kara ce. Kana nuna wa dangin miji cewa ɗan nasu ne, kai ajiya aka ba ka. Da aka yaye shi, kakarku Inna, mahaifiyar babanku, ta goya shi ta tafi da shi Kiru inda take zaune, daga nan sunan ya bi shi. A can ya girma, a can ya koyi gyaran keke, bai dawo mana ba sai da Allah ya yi mata rasuwa. Ya shigo gidan nan dogo, gemu ya fara tsiro masa, yana gaishe ni daga nesa kamar baƙo. Ku da kuka tashi a gabana kun iya karatun fuskata, in na yi shiru kun san wane iri ne, na fushi ko na yarda. Shi bai samu wanda ya koya masa wannan karatun ba.

Ya kafa rumfar gyaransa a Kwanar Dangora, ya fita da safe ya dawo kafin la'asar ta yi sanyi. A can ne wani direba ya nuna masa a waya wasu mutanen wata ƙasa suna hawa keke mai taya ɗaya, suna tsalle da shi a kan duwatsu da gungumen itace. Daga ranar yaron nan ya kamu. Akwai tsohon keken babanku na kai kifi kasuwar Bebeji, wanda ya daɗe jingine a bayan rumbu kaji suna kwana a kansa. Ya roƙa, aka ba shi, kowa yana zaton gyara shi zai yi. Ya kai wa mai walda suka yi ta yanke-yanke da liƙe-liƙe, sai ga shi wata Juma'a ya shigo da abu a kafaɗa: taya ɗaya mai kauri, feda biyu a jikinta, ƙarfe ya miƙe sama, sirdi a kai. Babu kan keke, babu birki, babu sarƙa. Babanku yana zaune yana ɗinkin raga, ya ɗaga ido ya dube shi, ya dubi abin.

"Ina sauran keken?"

"Baba, ai ya cika. Haka yake."

"To, Allah ya kyauta. Na ba ka jaki ka dawo mini da ƙafarsa."

Farkon koyon ba abin kallo ba ne. Ya dafa bangon rumbu ya hau, ya saki, ya faɗi. Ya tashi ya kaɗe wando ya sake. Fedar nan ta ƙarfe ta sassare masa ƙwauri har sai da ya yanko tsohuwar taya ya riƙa ɗaurawa a ƙafa. Ku ƙannensa kuna ta dariya, har akuya in ta ga ya ɗauko keken sai ta koma bayan ɗaki. Amma kafin rani ya raba, sai ga shi yana zagaya tsakar gida, hannu a buɗe, ya yi gaba ya yi baya, ya juya a wuri ɗaya. Na ɗauka ya kai inda yake so. Ashe ko farawa bai yi ba. Na ji yana gaya wa Binta cewa tafiya a kan taya ɗaya ko masu talla a birni suna yi, shi abin da yake nema daban ne. Yana so ya hau abin da keke bai isa ya hau ba. Sai a jera cikas, tubali, gungume, katako siriri, dutse, mutum ya bi ta kansu tun daga farko har ƙarshe yana kan keken. Dokar wasan ɗaya ce: in ƙafarka ta taɓa ƙasa, ko da ɗan yatsa ne, ka faɗi wannan zangon.

Ya mai da tsakar gidanmu filin wasansa. Ya jera tubalan da suka rage daga ginin ɗakin babanku, ya mirgino gungumen ɗorawa, ya kife tsohon kwalekwale, ya ɗora katako tsakanin tudu biyu. Zai miƙe tsaye a kan feda, ya kama gaban sirdi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana lalube a iska, ya fara ƴan tsalle ƙanana a wuri ɗaya, dif, dif, dif. Sai ya tattara jikinsa ya durƙusa kaɗan, ya tashi sama da keken gaba ɗaya, ya sauka a kan tubali. Daga tubali zuwa gungume. Daga gungume zuwa bayan kwalekwale mai santsi. In tudun ya fi ƙarfin tsalle, sai ya cilla kansa ya saƙala feda a gefen, ya tsaya a kanta, sannan ya fizgo tayar ta hau. In ya gaji da gida ya fita bakin hanyar ruwan lambu, ya bi gefen simintin da faɗinsa bai kai tafin hannuna ba, ruwa na gudu a ƙasa.

Yanzu zan faɗi abin da ban faɗa ba a lokacin. Ban taɓa ganin abin da ya burge ni irin wannan ba. Na ga masunta suna tsaye a bakin jirgi iska na kaɗawa, na ga masu hawan giginya, amma wannan daban ne. Akwai wata kafa a bangon madafi inda ƙasa ta zube, daidai idon mai zaune a kujera ƴar tsugunno. Ta nan nake kallo, faifai a hannu, wai ina tsince shinkafa. Abin da ya fi kama ni ba tsallen ba ne, tsayuwar ce. Kafin babban tsalle yakan tsaya cik a kan tayar, ba gaba ba baya, ba ƙafa a ƙasa, ba abin dafawa, idonsa a kan wurin da zai sauka. Duk jikinsa ya yi shiru sai ɗan yatsan hannu da ke motsi. A wannan ɗan lokacin ni ma numfashina tsayawa yake. Sau nawa tuwo ya kama a tukunya, babanku yana cewa itacen bana wuta gare shi. Ina jin daɗi a raina, ina cewa wannan natsuwar a cikina ta kwanta. In ya juyo wajen madafi kuwa sai in kau da kai in ci gaba da tsintar shinkafa.

Da yawan kallo har na fara gane abin. Akwai zango ɗaya da ya gagare shi: daga gungume zuwa kan turmi. Ya aiko Binta ta ari tsohon turmina, ya kife shi, gindin ya zama ɗan dandali da bai fi faifai ba. Kullum in ya sauka a kai sai turmin ya karkata saboda ƙasan wurin ba daidai yake ba, tayar kuma ta wullo shi kamar ƙwallo. Na lura ranar da tayar ta ɗan sace, ta yi laushi, tana kama gungume ta zauna, shi ma ya fi samun natsuwa. Amma shi mai gyaran keke ne, hannunsa ya saba cika taya tam, da ya ga ta yi laushi sai ya ɗauko famfo. Ina gani, bakina yana ƙaiƙayi, ba halin magana.

Gari kuwa ba ya rasa abin faɗa. Wasu suka ce rashin aikin yi ne, alhali yaron nan bai taɓa fashin rumfarsa ba. Wasu suka ce ba haka kawai ba, mutum ba ya tsayawa a kan taya ɗaya sai da taimakon mutanen ɓoye. A majalisar ƙofar masallaci aka fara tsokanar babanku, ana tambayarsa yaushe ɗansa zai fara yawon kasuwa da kura. Babanku, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri da ruwa da rana, amma ba ya jure dariyar tsaransa. Ana cikin haka sai Ɗan Inna ya zo masa da magana. Ta waya ya haɗu da wasu samari masu irin wasansa, daga birni, daga Zariya, har da Jos. Sun shirya za su haɗu bayan kaka a duwatsun da ke gefen Doguwa su gwada juna, kuma wanda ya fi kowa za a ba shi keken kamfani na gaske, wanda wani daga cikinsu ya samo daga waje. Babanku ba ya son ya ce e majalisa ta cinye shi, ba ya son ya ce a'a ya karya wa yaro zuciya. Sai ya yi abin da maza suka iya, ya turo mini. Ya ce masa ya je ya tambayi uwarsa, in ta sa albarka shi ba shi da ta cewa.

Da ya same ni ni kaɗai, wataƙila da na samu hanyar da zan bi. Amma yaron nan ya zaɓi ranar da yayata Tabawa ta zo, ga maƙwabta uku muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Tabawa kuwa kun san ta. Ita ce ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma duk wata al'ada da ruwa bai cinye ba, a kanta aka ɗauko ta. Ya zo ya durƙusa nesa kaɗan, ya cire hula, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ƙare da cewa:

"Iya, in kin yarda zan je. In ba ki yarda ba, na bar shi har abada."

Duk idanu suka dawo kaina. Na kau da kai wajen rumbu, na ba shi amsar da uwata za ta bayar, da uwar uwata.

"Ni ina ruwana? Je ka tambayi masu ɗa."

Tabawa ta gyaɗa kai, ta ji daɗi ƙanwarta ba ta ba ta kunya ba. Matan nan suka yi murmushi, domin kowace ta san ma'anar maganar. Uwar da ke son hana ɗan fari abu ba ta cewa ina ruwana, tura yayarta take ta hana shi. Ina ruwana a bakin irinmu, tafi ne Allah ya tsare. Ko Binta da take yarinya ta san wannan. Amma shi sai na ji muryarsa ta yi ƙasa.

"To, Iya. Allah ya huci zuciyarki."

Ya tashi, ya ɗauki keken, ya shiga soro ya ɗaure shi da igiya a jikin azara. A ranar ya kwashe tubalan ya jera su a gefe, ya mirgine gungumen, ya tayar da turmina ya wanke ya mayar ƙofar madafi.

Gidan ya yi shiru irin wanda ban so ba. La'asar ta yi, ba dif dif, sai kukan kaji. Yana fita yana dawowa, yana gaisuwa yadda ya saba, bai taɓa ɗaure wa kowa fuska ba, amma abinci ya rage ci, wuyansa ya fito. In zai wuce ta soro ba ya ɗaga kai. Na tura Binta ta gaya masa ban hana shi ba, ya ce mata ta daina lallashinsa, shi ba yaro ba ne. Na sa babanku ya yi masa magana, yaron ya ce ai ya ji da kunnensa, kuma ba zai hau abin da mahaifiyarsa ba ta sa wa albarka ba ko da duniya za a ba shi. Na ji haushinsa, wallahi na ji, in ce wane irin yaro ne wannan da ba ya gane hannunka mai sanda. Na ji haushin babanku da ya ɗauko kayansa ya ɗora mini. Amma a ƙarƙashin haushin akwai wani abu da ya fi shi ciwo. Yaron nan ya ajiye abin da ya fi so a duniya saboda kalma ɗaya daga bakina, ni da ban taɓa goya shi ya yi wayo a bayana ba. Irin wannan biyayyar ba a barinta ta tafi a banza.

Aka yi girbi, lokacin tafiyar yana matsowa, ba a fafe gora ranar tafiya. Wata safiya bayan an idar da sallah, maza ba su dawo daga masallaci ba, na ɗauki fartanya. Na mirgino gungumen da kaina zuwa inda yake a da, bayana yana ƙara. Na auna tazarar da ido, don na san ta kamar yadda na san hanyar rijiya. Na fafe ƙasa na daidaita, na kife turmin a ciki, na cusa tsakuwa na daddanna da ƙafa har sai da na hau kansa na ji bai motsa ba. Turmin nan kun san asalinsa, shi ne mahaifiyarmu ta ɗauko a ka ranar da aka kwashe mu daga tsohon gari, kafin zuwan keken nan ban taɓa yarda a zauna a kansa ba ma. Na ɗauki tsintsiya na fara shara. Ɗan Inna ya shigo ya tsaya turus, yana kallon turmin, yana kallon gungumen. Ya tambayi Binta wa ya yi wannan aiki, ta ce ita yanzu ta tashi. Ni kuwa ban ɗago ba, na yi magana da tsintsiyata yadda kowa zai ji.

"A gaya wa mai keken nan iskar tayarsa ta yi yawa. In ya rage, za ta zauna."

Ya daɗe a tsaye. Sannan na ji tafiyarsa zuwa soro, na ji an kwance igiya, na ji tsiii na iska tana fita. Na shige madafi na zauna a wurina. Ya hau gungumen, ya yi ƴan tsallensa, ya tsaya cik. Ya tashi. Tayar ta sauka a gindin turmin ta baje ta kama, turmin bai ce uffan ba, shi ma ya zauna daram a kai kamar an dasa shi. Binta ta fasa ihu. Ni na zuba wa koko gishiri a maimakon sukari.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ana gobe zai tafi, Binta ta zo tana taya ni wanke-wanke ta gaya mini abin da ya ce mata. Wai ya san Iya tausayinsa ta ji da ta ga yana ramewa, shi ya sa ta haƙura, amma ya san a ranta tana ganin ya zubar mata da mutunci a gari. Wai in ya dawo daga Doguwa zai rage abin, don kada ya riƙa sa ta sunkuyar da kai. Na ajiye kwanon da ke hannuna. Wato har yanzu yaron nan yana zaton kau da kan da nake yi na ƙyama ne. Ya karɓi izini, amma albarkar bai san an ba shi ba, kuma da wannan zaton zai hau dutse. Da safe, bayan ya wuce, na ce wa babanku akwai barkar haihuwa da ake bina a Doguwa, gidan ƴar ƙanwar mahaifinmu. Gaskiya ne an haihu, sai dai jaririn ya kusa fara rarrafe. Ya dube ni ta gefen ido ya ce a gaishe su. Tabawa ta ce ba zan ratsa dajin Falgore ni kaɗai ba, ta yafa mayafi ta biyo ni.

Muka wuce Tudun Wada masara jibge a bakin hanya, muka shiga dajin, Tabawa tana jan carbi tana zagin direba. Da muka sauka na ce mata mu ɗan bi ta wajen duwatsu mu sayi nono, na ji an ce na can ya fi kyau. Ta biyo ni, amma ba yarinya ba ce. Wurin ya cika da mutane, yara a kan bishiyoyi, masu babura sun jera. An shafa jan fenti a jikin duwatsu don nuna hanyar da za a bi, ga wani mai riƙe da usur yana bin kowane mahayi yana kallon ƙafarsa. Samarin nan sun iya, ba zan rage musu ba. Akwai wani siriri daga Jos da ke tsalle kamar fara. Kekunansu na sheƙi, da hular kwano da safar hannu. Namu kuwa ga tabon walda a jikin kekensa, ga tsohuwar taya ɗaure a ƙwauri, hular kwanon ma ta ɗan acaɓa ce ya aro. Amma in ya hau, sai wurin ya yi tsit. Sauran suna kokawa da dutsen, shi kuwa kamar yana gaisawa da shi. Ya bi wani falalen dutse mai gangara a karkace, ya haye gungumen da aka gitta a kan rami bai ko kalli ƙasa ba, ya saƙala feda a gefen wani dutse da ya kai ƙirjinsa ya fizge ya hau. Na ji ana cewa ya rage zango ɗaya, kuma shi ne a gaba, ɗan Jos na bin sa.

Muna tsaye cikin mata a gindin wata kaɗanya, daidai ƙarƙashin dutsen ƙarshe. Daga kansa za a tsallaka zuwa wani dutsen, tsakaninsu tsaga ce mai zurfi da ko leƙa ta ban so ba. Ya hau can sama, bayansa gare mu, kusa har ina jin numfashinsa. Bai san muna nan ba. Ya yi ƴan tsallensa ya matsa baki, ya tsaya cik, tsayuwar nan tasa. Sai wata Bafulatana mai tallar nono da ke gefenmu, dattijuwa mai murya kamar tana kiran shanu, ta tambaya ɗan wa ne wannan. Tabawa ta riga ni, ta ce ɗan mutanen Kiru ne. Matar ta girgiza kai.

"Kai, uwar wannan ta haihu. Tana raye kuwa?"

"Tana gida," in ji Tabawa.

Na dubi bayan yaron nan, rigarsa ta jiƙe da gumi, yana tsaye a kan taya ɗaya a bakin rami, yana ɗauke da zaton uwarsa na gida kanta a sunkuye. Ban yi shawara da kowa ba, kuma ban rage murya ba.

"Ba ta gida. Ga ta nan. Nawa ne, ni na haife shi."

Ya san muryar. Ya waiwayo, kuma mai tsaye a kan taya ɗaya ba ya waiwaye. Keken ya karkata, ya sa ƙafar hagu a kan dutse. Usur ya yi ƙara. Jama'a suka yi wani irin nishi gaba ɗaya.

To ga gaskiyar da nake so ku riƙe. Masu cewa tsoron ramin ne ya kama shi ba su san komai ba, maganata ce ta sauke ƙafarsa. Keken kamfani ɗan Jos ne ya tafi da shi, kuma ya cancanta. Tabawa ba ta yi mini magana ba tun daga Doguwa har Kwanar Dangora, ta juya mini ƙeya a mota, barkar ma ba mu je ba. Da ta huce sai ta laƙaba mini suna, har ta koma ga Allah ba ta kira ni da wani abu ba sai Ni-na-haife-shi, kuma matan garin nan suka karɓa, a gidan biki a gidan suna. Na sha kunya ba kaɗan ba, ni da ake kwatance da karata. Amma ko yau aka mai da ni gindin kaɗanyar nan, abin da zan faɗa ke nan.

Ya sauko daga dutsen da keken a kafaɗa, ya ratsa mutane, ya zo gabana ya cire hular kwanon ya durƙusa. Idonsa ya yi ja. Na zaci zai yi maganar keken da ya rasa, ina shirin ba shi haƙuri, sai ya ce:

"Iya, wasa ya ƙare, ba a ƙirga wannan. Amma in ƙarasa?"

"Ƙarasa mana. Allah ya yi maka albarka."

Ya koma ya hau. Mai usur ya ba shi hanya, mutanen da suka fara watsewa suka dawo. Ya matsa bakin tsagar, ya tsaya cik, ɗan yatsansa na motsi. Sannan ya tashi, shi da keken walda da tsohuwar tayar da ke ƙwaurinsa, suka ratsa sararin nan, tayar ta sauka a ɗaya dutsen ta baje ta zauna. Yana kan keken ya juya da ƴan tsalle har ya fuskanci kaɗanyar, yana nemana da ido a cikin mata.

Ban yi guɗa ba, ɗankwalina kuma yana kaina. Abin da na yi kawai, da idonsa ya samu nawa, ban kau da kai ba.